Ƙwaryar Gwaggo da Akwatin Bitrus

Tun da na dawo daga Malesiya abokai suke tambayata yadda ƙasar take, ni kuma amsata ba ta wuce "lafiya lau, akwai ruwan sama" ba. Sun gaji da jin haka. Wani ma ya ce da sun san abin da zan yi musu ke nan, da sun tura wani ya yi karatun a madadina, ko ba komai ya dawo da labari. Gaskiyarsu ce. Magana a cikin taro tana yi mini wuya, rubutu kuwa da sauƙi. Sai dai ina ba masu jiran labarin dogayen benaye haƙuri tun yanzu, domin yawancin abin da zan faɗa a kan nono ne.

Ba ni kaɗai na tafi ba. Lokacin da takarduna na karatun digiri na biyu suka fito, 'yar gwaggona, Yaya Rabi, tana Kuala Lumpur da mijinta Malam Nura. Cikinta ya tsufa, ga kundin digirinta na uku da take ƙoƙarin kammalawa. Sai dangi suka yanke shawara mahaifiyarta, Gwaggo Hanne, ta bi ni ta je ta yi mata zaman jego. Gwaggo ƙanwar mahaifina ce, ta tashi a wani ƙauye kusa da Dambatta cikin shanu. Ba ta kiran sunana, saboda sunan mahaifinta aka sa mini. Babana take ce mini, ko da faɗa take yi mini.

A filin jirgin Kano ta iso da jaka biyu manya da wani abu zagayayye naɗe cikin tsohon zane. Ƙwaryar nononta ce, wadda ta yi duhu saboda daɗewa, an ɗinke wata tsaga a bakinta da zare. Ta ƙi yarda a sa ta cikin kaya. Akwai kuma gorar roba cike da kindirmo, wanda ta ce shi ne irin da za ta riƙa zubawa a sabuwar madara idan mun isa. Ma'aikata suka ce gora ba za ta shiga cikin jirgi a hannu ba, dole muka cusa ta cikin jaka tsakanin ƙullin kuka da na daddawa.

Daga Kano zuwa Addis Ababa, daga can zuwa Kuala Lumpur, ƙwaryar nan tana kan cinyarta. Abincin jirgi kuwa ko buɗe shi ba ta yi ba. Ni kuma na yi ta laluba aljihu ina duba fasfo ɗinmu, har ta gaji ta ce, "Babana, in ƙafa gare su da tuni sun gudu don takurar da kake musu."

Da muka sauka, jami'an duba kaya suka ce mu buɗe jakunkuna. Wata matashiya mai ɗankwali ta shinshina daddawa, ta yi murmushi ta ce da abokin aikinta wani abu da yarensu. Daga baya na gane cewa ta yi tana kama da wani curin jatan lande da suke sa wa miya, wanda warinsa bai fi na daddawarmu daɗi ba. Ta mayar mana. Sai abokin aikin ya ɗago gorar nono, wadda ta kumbura ta yi tauri kamar ƙwallo. Na buɗe baki zan gargaɗe shi, amma kafin in gama haɗa Turancin a raina ya murɗe murfin. Nono ya yi tsiri ya wanke masa gaban riga. Sai ya dubi rigarsa, ya dubi Gwaggo, ya fashe da dariya, ya ce, "Wannan kam ba zai wuce ba, lah." Aka jefa gorar a kwandon shara. Ƙwarya kuwa ya ƙwanƙwasa ta da yatsa, ya tambaya ko abin kiɗa ce, ya miƙo mana. Gwaggo ba ta yi dariya ba. A mota ta ce da ni a hankali, "An zubar da iri."

Malam Nura ya samar mini ɗaki a wani bene da ke kusa da Jalan Semarak, inda makarantarmu take. Gida ne mai ɗaki biyu da falo da madafa, kuma mai ɗaya ɗakin ɗan Najeriya ne, Bitrus, daga wajen Kafanchan, yana digiri na uku. Dogo ne mai yawan dariya, Hausarsa ta fi tawa gudu. A ranar farko ya zagaya da ni gidan, ya kai ni barandar da ake shanya, ya nuna mini wani farin akwati na soso irin wanda masu kifi suke zuba ƙanƙara. Wani siririn tiyo ya fito daga murfinsa ya nutse cikin kwalbar ruwa, yana ɓulɓul a hankali.

"Malam, gara in faɗa maka da bakina," in ji shi. "Giya ce nake haɗawa a nan, tawa ta sha. Ba na kai ta falo, ba na sa ta a firijinmu. In ka ga ba za ka iya zama ba, ba zan ji haushi ba."

Na ce ba komai. Amma a daren nan na kwashe kofina da farantina da cokalina daga madafa na kai su ɗakina, kuma a can suka ci gaba da zama. Muna gaisawa safe da yamma, iyakar mu'amalarmu ke nan. Idan na je shanya, sai in juya wa akwatin baya.

Garin kansa bai yi mini wuya ba. Mutanen Malesiya ba su da hayaniya, ba sa ɗaga murya ko a kasuwa, kuma idan za su nuna maka hanya da babban yatsa suke nunawa, sauran a dunƙule. Wannan ya yi daidai da halina. Na koyi cin gurasarsu mai laushi da romon wake a shagunan Indiyawa Musulmi da ake kira mamak, na koyi cewa tapau idan ina so a ƙulle mini in tafi da shi. Ranar Juma'a nakan sauka Masjid Jamek, in ratsa Jalan Masjid India ina kallon yadudduka, abin yana tuna mini da Kantin Kwari in an cire turereniya. A Kampung Baru na fara cin shinkafar da ake dafawa da madarar kwakwa a naɗe a ganyen ayaba. Abu biyu ne ban saba da su ba har na dawo. Na farko sukari, wanda suke sa wa har miyar barkono. Na biyu yanayi. Mu a gida zafi da lokacinsa, sanyi da lokacinsa, jiki yana shirya wa kowanne. A can kuwa waje kamar tukunyar turara dambu, cikin jirgin ƙasa da ɗakin karatu kamar firiji. Kafin ka je makaranta ka dawo, ka ratsa bazara da hunturu sau da yawa.

Yaya Rabi ta haifi namiji, aka yi suna a falon gidansu, matan 'yan uwanmu ɗalibai suka cika ɗaki, yaransu suna guje-guje, ana yi musu Hausa suna amsawa da Turanci ko Malayanci. Gwaggo ta kama aikinta sosai. Ganyen dalbejiya na wankan jego a shagon wani Ba'indiye muka samo mata, ruwan zafi kuma a butar lantarki take dafawa, tana mita tana sake cikawa. Sai dai ita kanta ba ta cin abinci. Shinkafarsu ta ce ba ta zama a ciki, naman kajinsu ta ce kamar auduga. Tuwon da Yaya Rabi take tuƙawa da garin semo ma loma kaɗan take yi. Ita tun tana yarinya fura da nono ne abincinta na rana, kuma garin gero ta zo da shi mai yawa. Nono ne babu.

Ta gwada da kanta. Ta tafasa madarar kwali, ta zuba a ƙwaryarta, ta rufe da faifai ta ajiye a kusurwar falo. Wata rana ta tarar da shi tsululu kamar yadda ta zuba, wata rana ya tsinke, ruwa a sama, guda-guda a ƙasa, da wani tsami mai ɗaci. Daga ƙarshe ta ce madarar ƙasar nan matacciya ce, ba ta barci. Ta kife ƙwaryar a saman kabad.

Wata Asabar da na je gaishe su, na ga zoben hannun Gwaggo yana yawo a yatsa. Da zan tafi Yaya Rabi ta rako ni har bakin lif, ta jingina da bango.

"Ta ce da Malam ya canja mata tikiti. Ana yin arba'in za ta tafi."

"Kundin fa?"

"Wane kundi kuma? Wa zai riƙe mini jariri in shiga ɗakin gwaji? Sai dai in ajiye karatun, kuma ka san in na ajiye a wannan gaɓar ba lallai in sake ɗauka ba." Ta share ido da bakin mayafi. "Ba zan iya ce mata ta zauna ba, ƙanena. Kana ganin yadda take ƙarewa."

Ban iya lallashi ba. A hanyar komawa na tsaya a kantin da ke ƙasan benenmu na sayi madara da ɗan kofin yogot na kanti, in yi iri da shi.

Na shiga gwaji a ɗakina, a cikin robar abinci. Na karanta duk abin da na samu a kan yadda madara take kwana. Na ajiye roba kusa da taga, ta tsinke. Na mayar da ita ƙarƙashin gado, ta ƙi kamawa. Na naɗe ta da bargo, rabi ya kama rabi ya ƙi. Kullum da safe sai in lallaɓa madafa in zubar kafin Bitrus ya tashi. Wata safiya ya riga ni. Ya leƙa robar, ya shinshina.

"Kindirmo kake nema ko maganin ɓera?"

Na ji kunya ta kama ni, amma na gaya masa komai, har maganar tikiti. Ya daina dariya. Ya tambaye ni ko ina kwana da na'urar sanyaya ɗaki a kunne, na ce e, da safe in kashe in tafi makaranta. Ya tambaya ko haka ake yi a gidan Yaya Rabi. Na tuna suna kunna wa jariri saboda ƙurajen zafi, su kashe in sun ga ya fara atishawa.

"To ai shi ke nan. Madarar ba ta mutu ba, wahala kuke ba ta. Zo ka gani."

Ya nufi baranda. Na tsaya a bakin ƙofa, sannan na bi shi. Ya ɗaga murfin farin akwatin. A ciki akwai jarka zaune cikin ruwa, kewaye da gorunan ruwa da suka daskare, da ɗan ma'aunin zafi manne a jikinta. Ya ce yis ɗin da ke aiki a ciki, wato irin da ke tsima giyar, abu ne mai rai, kuma zafin garin nan ya fi ƙarfinsa. In ya ji zafi sai ya yi gaggawa ya ɓata ɗanɗano, in sanyi ya buge shi farat ɗaya sai ya kwanta ya daina aiki. Shi ya sa yake canja gorunan safe da yamma, kafin na ciki su gama narkewa, kuma ba ya buɗe murfin don leƙe kawai. Ruwan da jarkar take ciki shi ke hana sauyi ya zo da sauri.

"Zafi kaɗan ko sanyi kaɗan duk yana jurewa," in ji shi. "Abin da ba ya so shi ne yanzu kaza, anjima kaza. Nawa sanyi yake so, naka ɗumi. Sai ka zuba ruwan ɗumi a gorunan maimakon ƙanƙara. Akwatin ba ruwansa."

Ya dube ni, ya gane abin da ke raina kafin in faɗa. "Ba nawa za ka ɗauka ba, Malam. Je kasuwar Chow Kit wajen masu kifi ka sayi sabo."

Haka na yi. Wata tsohuwa mai sayar da kifi ta sayar mini da wanda ba a taɓa amfani da shi ba, tana ta tambayata ina kifin da zan zuba. Na shiga jirgin ƙasa rungume da shi, mutane suna matsawa gefe cikin ladabi. Na tafasa madara, na bar ta ta huce har yatsa zai iya zama a ciki, na zuba iri, na jera gorunan ruwan ɗumi, na rufe, na hana kaina buɗewa. Washegari ya kama, sumul, cokali yana yanka shi.

Na kai wa Gwaggo da ɗokina. Ta ɗanɗana, ta juya shi a baki.

"Ya yi barci kam. Amma na kanti ne, Babana. Ba shi da ƙamshin gida." Ta ture robar.

Da na koma na gaya wa Bitrus, sai ya ce mahaifiyarsa burukutu take dafawa a ƙauye, da shi ta biya musu makaranta. Tana da wata tsohuwar tukunya da ba ta yarda a sa mata sabulu, domin a cewarta irin yana zaune a jikin tukunyar. Yana faɗar haka na tuna da abin da ke kife a saman kabad.

Asabar ta gaba Bitrus ya ɗauke ni a tsohuwar motarsa. Ya san wani Ba'indiye a Sentul mai kawo madarar shanu ɗanya a leda, muka biya muka saya. Da muka isa gidan Yaya Rabi ya ce zai jira a mota. Na hau da akwati da madara, na roƙi Gwaggo ta sauko da ƙwaryarta. Ta dubi akwatin sama da ƙasa.

"Wannan dabarar a littafi ka gani?"

Da na ce e, da magana ta ƙare. Amma ban iya ba. Na ce abokin zamana ne ya koya mini, kuma shi giya yake haɗawa da irin wannan akwati. Malam Nura ya ajiye wayarsa, ya ce, "Subhanallahi. Kai kuwa, a rasa inda za a koyo abu sai wajen mai giya?" Yaya Rabi ta sunkuyar da kai. Na tabbata na ɓata komai.

Gwaggo ta ce, "Wannan akwatin ya taɓa giya?"

"A'a. Sabo na saya."

"Gorunan fa?"

"Su ma."

"To shi mai dabarar yana ina?"

"Yana ƙasa, a mota."

"A wannan ranar? Ka bar mutum yana gasuwa kamar masara, kai kana nan kana shan sanyi? Wa ya yi maka tarbiyya? Je ka kira shi."

Bitrus ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Sannu da gida, Mama." Ta tambaye shi garinsu da iyayensa. Sannan ta sa aka sauko da ƙwarya, ta ɗauraye ta da ruwan ɗumi kawai, suka duƙufa a kan akwatin su biyu kamar sun daɗe da sanin juna. Ta ce a ƙauyensu in sanyi ya sauko kusa da tokar murhu ake ajiye ƙwarya, in zafi ya yi a kai ta ƙarƙashin rumbu, kuma ba a taɓa ta sai gari ya waye. Ita dai ba ta taɓa zama a gidan da ake kunna hunturu da maɓalli ba. Shi kuma ya ce mahaifiyarsa a jiƙaƙƙen yashi take binne gindin tukunya.

"Uwarka ta san tukunya," in ji Gwaggo. "Abin da take zubawa ne dai sai addu'a. Allah Ya shirye ta."

"Ta rasu, Mama. Ina nan ƙasar aka binne ta, ban samu zuwa ba."

Gwaggo ta tsaya da ludayi a hannu. "Ayya, ɗan nan. Ayya. Allah Ya ba ka haƙuri." Ta zuba madarar, ta rufe ƙwarya da faifai, ta ce masa, "Sa hannu mu saka ta tare, kai ka san zaman gorunan."

Da sassafe na koma. Ba wanda ya taɓa akwatin, domin Gwaggo ta ɗora carbinta a kan murfin. Ta buɗe, ta ɗaga faifai. Ƙamshin da ya taso ya kai ni tsakar gidanmu, lokacin da mai nono take sauke ƙwarya a gindin bishiya. Gwaggo ta ɗauko furar da ta kirɓa tun jiya, wadda ba wanda ya san ta kirɓa, ta dama, ta kafa kai. Muna tsaye muna kallonta har ta ga ƙasan kwanon.

"Tsamin bai gama kaiwa ba," in ji ta. "Sai an juya iri sau biyu ko uku zai dawo daidai." Ta goge baki, ta dubi surukinta. "Malam Nura, maganar tikitin nan a bar ta tukuna. Ba a barin iri yana ƙarami."

Yaya Rabi ta shige ɗaki da sauri, muka ji tana kuka a hankali. Gwaggo ta yi kamar ba ta ji ba. Ta cika wata gora da fura ta miƙo mini, ta ce in kai wa yaron nan maraya.

Na tarar da Bitrus a falo yana karatu. Ya tashi zai ɗauko kofi a madafa, na ce ya zauna. Na shiga ɗakina na fito da nawa, na zuba masa. Ya dubi kofin, ya dube ni, ya sha. Daga ranar kayan cin abincina suka koma madafa. Akwatinsa yana nan a baranda yana ɓulɓul, ban taɓa shi ba har na bar ƙasar, shi ma bai taɓa shigo da shi falo ba.

Gwaggo ta zauna har Yaya Rabi ta kare kundinta. Kafin ta tafi, matan 'yan uwanmu da yawa sun zo sun ɗebi iri, kuma na ji an ce tsohuwar nan ta Chow Kit ta daina tambayar 'yan Najeriya ina kifinsu. Ƙwarya dai ta dawo Kano a kan cinyar mai ita.

Da na dawo gida bayan na gama, ita na fara zuwa gaisarwa. Ba ta tambaye ni sakamakon jarrabawa ba. Ta ce, "Yaron nan Bitrus, ya daina haɗa abin nan kuwa?"

Na ce bai daina ba.

"Allah Ya shirye shi." Ta jawo faifai ta rufe nononta. "In kun yi waya, ka ce masa ƙwarya tana gaishe shi."